Hatimi a Hannun Na'ura: Tambayar Wakilci da Alhaki

Da yawa daga cikin ƙofofin da ake buɗewa a duniyar kwamfuta a yau ba hannun mutum ke buɗe su ba. Ma'aikatar da cibiyarta ke Yamai, reshenta kuma yake Damagaram, da tazarar kusan kilomita 900 a tsakaninsu, tana bukatar lissafin yini ya isa cibiya kafin gari ya waye, kuma ba ta da halin ajiye ma'aikaci kowane dare yana gyangyaɗi a gaban allo yana jiran ƙarfe biyu domin ya buga kalmar sirri. Abin da ake yi shi ne a rubuta jerin umarni, wato takardar da na'ura ke karantawa tana aiwatarwa layi bayan layi, a ɗaura shi a kan agogon kwamfutar, sannan a ba shi wata shaida da zai nuna wa babbar kwamfutar da ke nesa, wadda ake kira uwar garke, domin ta buɗe masa. Masu sana'ar sun daɗe da warware yadda ake yin haka cikin aminci. Abin da ba su cika tsayawa a kansa ba, domin ba fagensu ba ne, shi ne tambayar da malamin fiƙihu zai fara yi idan aka bayyana masa lamarin: aikin da aka yi da sunan mutum, da izininsa, alhali yana barci kuma bai san an yi ba, aikin wane ne, kuma a wuyan wa alhakinsa yake?

Kafin 1995, hanyoyin da aka saba bi wajen shiga kwamfuta daga nesa suna aika kalmar sirri tsirara a kan waya, ta yadda duk wanda ya kafa kunne a tsakani zai iya ɗaukarta. A wannan shekarar ce wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu, ya rubuta manhajar da ya kira SSH, wadda ke lulluɓe duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutoci biyu da rubutun ɓoye. A ƙarshen 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da nasu nau'in mai suna OpenSSH, wanda kyauta ne kuma shi ne ya fi yaɗuwa har yau. Dabarar ɓoye kaya a kan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Damagaram. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya iso Damagaram a ƙarshen Disamba 1852 ya zauna yana jiran guzuri daga arewa, ya karɓi dala 1,000 a watan Janairu 1853, an cusa su cikin akwatunan sukari biyu domin kada idon kowa ya kai kansu. Sai dai ɓoye kaya rabin aiki ne, domin akwai sauran sanin wanda ya zo karɓa.

Wannan rabi na biyu ya dogara ne a kan lissafin da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka ƙara wa ƙarfi a 1977. Ana ƙirƙiro lambobi biyu masu tsawon gaske waɗanda lissafi ya ɗaure su da juna, ɗaya ana kiransa mabuɗin ɓoye, ɗayan kuma mabuɗin sarari. Na sararin ana kai shi uwar garke a rubuta shi cikin jerin mabuɗan da aka yarje wa shiga, kuma babu illa ko da duniya duka ta gan shi, saboda ba a iya lissafo na ɓoyen daga gare shi. Na ɓoyen yana zama a kwamfutar mai shi, ba ya barinta. A duk lokacin da aka nemi shiga, mai neman yakan buga alama da mabuɗin ɓoye a kan wani saƙo da ya keɓanta da wannan haɗuwar kaɗai, uwar garke kuma ta gwada alamar da mabuɗin sarari, idan ta dace ta buɗe. Ko da yake sunan mabuɗi ne ya bi shi, abin ya fi kama da hatimi: ɓangare ɗaya yana riƙe da zoben, ɗayan kuma yana riƙe da samfurin da yake gane bugunsa da shi. Fifikonsa a kan rubuta kalmar sirri cikin jerin umarni a fili yake, tun da sirrin ba ya hawa hanya ko sau ɗaya, kuma alamar da aka buga jiya ba ta buɗe ƙofar yau.

Tsohuwar daular Damagaram ta san hanyoyi biyu na tantance mai shigowa, kuma bambancinsu shi ne gindin wannan tambaya. Ganuwar Birni da Sarki Tanimu ya gina a tsakiyar ƙarni na 19 tana da ƙofofi da masu tsaronsu, kuma mai tsaron ƙofa yana aiki ne da ido da kunne: ya san fuska, ya san karin harshe, yana iya tambayar baƙo wane ne mai masaukinsa a Zango, yana kuma iya yin shakka ko da amsar ta yi daidai. Hanya ta biyu ita ce ta wasiƙa. Damagaram tana ƙarƙashin Barno a wancan zamani, kuma umarnin da ke fitowa daga Kukawa yana isowa ne a takarda mai hatimi, wadda ake girmamawa ba tare da Shehun Barno ya taka ƙafarsa garin ba, ba kuma tare da an damu da ko wane ne ya ɗauko ta ba. Al'adar tana da asali a Sunna, domin an ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa Rumawa, an shaida masa cewa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa. Uwar garke mai tsaron ƙofa ce da aka cire wa ido da kunne aka bar ta da samfurin hatimi kawai. Ba ta taɓa sanin cewa wane ne ya shigo ba, iyakar saninta shi ne an zo da zoben wane.

Abu na farko da ke zuwa a zuciya shi ne a ce jerin umarnin wakili ne, kuma su kansu masu rubuta manhajar sun raɗa wa wani sashenta suna ssh-agent, wanda ma'anarsa wakili. Amma wakilci a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ake karanta shi a zaurukan Damagaram cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa, ƙulli ne tsakanin masu hankali biyu, kuma ana sa ran wakili ya yi aiki da lura. Wanda aka wakilta ya sayar da raƙumi ba tare da an faɗa masa farashi ba, ba shi da damar ya bayar da shi a kan abin da kasuwa ba ta san shi ba, kuma idan ya saɓa wa umarni ko wa al'ada to ya ɗauki lamuni, wato biyan abin da ya salwanta. Wannan yana nufin wakili yana ɗauke wa mai shi wani kaso na nauyi, domin akwai inda za a ce laifin nasa ne. Jerin umarni ba ya lura, ba ya jinkirtawa idan ya ga abin mamaki, kuma idan aka yi kuskuren harafi ɗaya aka ce ya share ajiyar shekara goma maimakon ta kwana goma, zai share ta da irin natsuwar da yake yin aikin daidai. Kiransa wakili yana da daɗin faɗa, amma yana ɓoye haɗari, domin yana sa mutum ya ji kamar ya sauke wani nauyi a kan abin da ba shi da wuyan ɗauka.

Misalin da ya fi kusa yana cikin babin farauta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, da sharaɗin ambaton sunan Allah, kuma malamai sun bayyana cewa niyya da bisimilla ana yin su ne a lokacin sakin kare, tun da a lokacin da ya cim ma barewa maharbin yana iya kasancewa can baya bai ko hango su ba. Shari'a ta jingina aikin karen ga mai shi, ta ɗauki sakin a matsayin yankan, bisa sharaɗin cewa karen horarre ne kuma sakinsa aka yi, domin wanda ya zabura da kansa ba a cin abin da ya kashe. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an ƙara wani sharaɗi mai ban sha'awa, cewa idan maharbi ya tarar da wani kare tare da nasa a kan naman, bai kuma san wanne ya kashe ba, to kada ya ci, saboda a kan nasa kaɗai ya ambaci sunan Allah. Darasin da ke cikin wannan ga mai jerin umarni shi ne cewa rashin halartarsa a lokacin aikin bai raba shi da aikin ba, illa dai ya mayar da niyyarsa baya zuwa ranar da ya rubuta umarnin ya kuma ɗora mabuɗin. Mutumin da ke buga kalmar sirri da hannunsa yana sabunta niyya kowace shiga, yana da damar fasawa. Wanda ya ɗaura aikin a kan agogo ya yi niyya sau ɗaya domin dare dubu, saboda haka wannan zama guda yana bukatar irin taka-tsantsan da za a raba wa dare dubun.

Ta fuskar ɓarna kuwa, hukuncin ya fi fitowa sarari, kuma manoman Hamdara da sauran ƙauyukan yankin Mirya ba sa bukatar a fassara musu shi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, aka yanke cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobin. Suratul Anbiya ma ta ambaci shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka yi a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. Har yau a jihar Damagaram hukuma kan ayyana ranar sakin gonaki bayan girbi, kuma makiyayin da garkensa ya yi ɓarna kafin ranar ba ya kuɓuta da cewa barci yake yi. Barcin ma shi ne abin tuhuma, tun da ya san dabba ba ta san iyakar gona ba, ya kuma kwanta bai ɗaure ta ba. Manhajar OpenSSH tana da nata turke da dabaibayi. A gaban kowane mabuɗi da aka rubuta a jerin masu izini ana iya ƙayyade cewa umarni ɗaya tak zai iya gudanarwa, ko da me ya nema, ana kuma iya ƙayyade cewa daga kwamfuta kaza kaɗai za a karɓe shi. Mabuɗin da aikinsa kwafe lissafin dare ne ba shi da dalilin samun ikon share komai. Fiƙihu ya riga ya nuna rashin sakin jiki da wakilci marar iyaka, domin ko wanda aka ba cikakken wakilci, a faɗar Khalil, ba ya sakin matar mai shi, ba ya aurar da 'yarsa budurwa, ba ya sayar da gidan da yake ciki, sai an ambata masa. Idan an yi wa mai hankali wannan shinge, to bai wa marar hankali mabuɗin da ke buɗe komai, don kawai ya fi sauƙin shiryawa, sakaci ne da sunansa, kuma shi ne abin da gaggawa ke sa ma'aikata da yawa su yi.

Akwai dai inda duk waɗannan misalai suke tsayawa, kuma a nan ne tambayar ta zama sabuwa. Zoben Annabi ya wuce hannun Abubakar da Umar ya kai ga Usman, Allah Ya yarda da su, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi kwana uku ana yashe rijiyar ba a same shi ba. Rashin ya yi zafi, amma an san an yi shi, kuma saninsa ya ba da damar a yi wani zoben a kuma faɗakar da mutane. Dukkan babin ajiya a fiƙihu an gina shi ne a kan wannan ɗabi'a ta kaya, cewa abin da aka sace yana barin gurbi. Mai riƙon ajiya amintacce ne, ana gaskata shi idan ya ce ta halaka, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma duk wannan shari'a tana farawa ne daga ranar da aka buɗe akwati aka ga babu. Mabuɗin ɓoye fayil ne, kuma satar fayil kwafe shi ne, saboda haka ɓarawo yana tafiya da shi alhali yana nan inda aka ajiye shi. Mai shi zai ci gaba da kallon ajiyarsa yana gode wa Allah, uwar garke kuma tana buɗe wa mutum biyu da zobe ɗaya. Ma'aunin amana a nan ba zai zama kasancewar abin a wurinsa ba. Dole ya koma ga abubuwan da mai riƙon ya yi tun kafin a san an yi rashi: ko ya taƙaita ikon mabuɗin, ko yana duba rajistar masu shiga domin ya gane baƙon kare a cikin farautarsa, ko yana sauya mabuɗin lokaci zuwa lokaci ba tare da jiran dalili ba.

Masu sana'ar suna da wata kariya, wato kulle mabuɗin ɓoye da jimlar sirri ta yadda kwafe shi kaɗai ba ya amfani. Amma a nan matsalar ta cije wutsiyarta, domin jimlar sirri tana bukatar mai bugawa, kuma guje wa mai bugawa shi ne dalilin aikin tun farko. Wasu sukan buɗe mabuɗin sau ɗaya su damƙa wa ssh-agent ya riƙe shi a ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ke aiki har sai wuta ta ɗauke, abin da mazauna Damagaram ba sa ɗauka a matsayin labari. Wasu sukan sa mabuɗin cikin ƙaramar na'ura da aka ƙera ta yadda ba ya kwafuwa, wato su mayar da shi zobe na gaske wanda ɓatansa ke barin gurbi. Kowace hanya tana matsar da sirrin ne daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma a ɗakin ƙarshe akwai wani abu da aka bari a buɗe bisa yarda. Wannan ba aibin fasahar ba ne, iyakarta ce, kuma mai gaskiya a cikin masu aikin shi ne wanda ya san a wane ɗaki ya bar nasa.

Ƙarewar izini ita ma tana da nata siddabaru. Khalil ya ambaci cewa wakili yana sauka da mutuwar wanda ya wakilta shi idan labarin ya iske shi, ya kuma kawo saɓanin malamai a kan abin da ya aikata kafin ya ji labarin mutuwar ko na tsigewa. Saɓanin ya taso ne saboda akwai tazara tsakanin faruwar abu da isar labarinsa, kuma a zamanin ayari tazarar tana iya kai watanni. Ga mabuɗi tazarar ba ta da iyaka, domin labari ba ya iske shi ko kaɗan. Ma'aikaci zai bar aiki, ko ya rasu, a yi masa addu'ar bakwai da ta arba'in, mabuɗinsa yana nan cikin jerin masu izini, kuma wanda ya gaje shi yana tsoron goge shi saboda bai san wane aikin dare ne ya rataya a kansa ba. Ylönen da kansa ya shafe shekaru yana gargaɗi a kan waɗannan marayun mabuɗai da suka taru a manyan ma'aikatu, yana kuma cikin marubutan rahoton da hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar a kan batun a 2015. Tun 2010 OpenSSH ta samar da takardar shaida mai wa'adi, wadda ke mutuwa da kanta idan ranarta ta cika, kuma hikimarta ita ce ta juya nauyin: maimakon izini ya ci gaba har sai an tuna an soke shi, sai ya faɗi har sai an tuna an sabunta shi.

Mai adawa zai iya cewa duk wannan hujja ce ta komawa ga mai tsaron ƙofa mai ido da kunne. Maganar ba ta tsaya ba, domin mutum yana gajiya, yana rubuta kalmar sirri a takarda ya liƙa a gefen allo, ana kuma yaudararsa da magana mai daɗi, abin da ba a yi wa lissafi. Manyan haɗurra biyu da suka taɓa wannan fasaha ta hannun mutane suka shigo. A 2006 wani gyara da aka yi da kyakkyawar niyya a tsarin Debian ya raunana hanyar ƙirƙiro mabuɗai, ta yadda mabuɗan da za su iya fitowa a kowane nau'i ba su wuce kimanin 32,000 ba, kuma ba a gano ba sai a watan Mayu 2008, lokacin da Luciano Bello ya lura. A watan Maris 2024 kuma injiniya Andres Freund, wanda jinkirin rabin daƙiƙa a wajen shiga ya dame shi har ya bi sawu, ya tono ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar XZ, wadda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shirya bayan ya shafe sama da shekara biyu yana taimako har aka amince masa da riƙon aikin. A na biyun, abin da aka ci shi ne amana irin ta zaure, wadda ake samu da daɗewar zama da kyakkyawar mu'amala, kuma abin da ya tona asirin shi ne shakkar mutum ɗaya da ya ƙi yarda cewa rabin daƙiƙa ba komai ba ne.

Wanda haƙƙinsa ya fi rataya a kan wannan duka ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawarar. Tsohuwar da ke Hamdara, wadda ɗanta ke aiko mata kuɗi daga Kano ko Agadas ta hannun kamfanonin aika kuɗi, da ɗalibin Jami'ar André Salifou da sakamakonsa ke ajiye a wata kwamfuta, ba su ba kowa izinin barin mabuɗi a buɗe ba, ba su ma san akwai shi ba. Sakaci da shi yana cikin haƙƙoƙin bayi, waɗanda malamai suka ce tuba kaɗai ba ta sauke su sai an mayar ko an yafe, kuma da wuya a nemi yafiyar mutanen da ba a san adadinsu ba. Akwai kuma wani mataki ƙarami da ake yawan tsallakewa, wanda yake nuna inda sarƙar ta faro. Uwar garke ma tana da nata hatimin, kuma a haɗuwar farko manhajar takan nuna wa mutum taƙaitacciyar alamarsa ta tambaye shi ko ya yarda wannan ce kwamfutar da yake nufi. Idan ya amsa, za ta rubuta alamar ta riƙe, daga nan kuma duk daren da alamar ta sauya za ta ƙi shiga. Lissafi ba shi da amsar wannan tambaya ta farko, saboda ba shi da abin da zai gwada alamar da shi. Sai dai ma'aikacin Damagaram ya kira takwaransa na Yamai, wanda ya san muryarsa, ya sa shi ya karanto masa haruffan ɗaya bayan ɗaya yana bi da yatsa a kan allo, kafin ya ɗaura aikin a kan agogo ya tafi gida.